Tambaya: Wace busasshiyar rigar nutso ce ta dace da ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 14?

Mai Koyon Nutso ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fanni. Shekara uku ke nan ina nutso da tukunyar iska, kuma duk nutson da na yi, wanda ya haura sau 40, a ruwa mai ɗumi na yi shi, inda riga mai kaurin milimita 3 take wadatar da ni. Yanzu aiki ya kai ni wurin da ruwan teku yake tsakanin digiri 10 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyos a yawancin watannin shekara, sannan akwai wani tafki mai zurfi da abokan nutso suke zuwa, wanda suka ce ƙasansa ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba.

Makon jiya na shiga da jiƙaƙƙiyar riga ta haya mai kaurin milimita 7, wato irin wadda ruwa yake shiga tsakaninta da fata. Na daure a nutson farko, amma bayan kamar minti 25 a zurfin mita 18 yatsuna suka ƙage har na kasa danna maɓallin falmaran ɗin iska, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita sauka da tasowa, yadda ya kamata, kuma da lokacin nutso na biyu ya yi ina cikin jirgi ina rawar ɗari, sai na haƙura. Duk waɗanda muka fita tare busasshiyar riga suke sawa, irin wadda ruwa ba ya taɓa jiki, kuma na ga sun fito suna hira cikin natsuwa.

Na yanke shawarar saye, amma da na fara dubawa sai kaina ya ɗaure. Akwai ta niyofirin, akwai ta yadi mai falle uku, akwai mai zif a baya da mai zif a gaba, robar wuya mai hana ruwa shiga ma iri-iri ce. Wace ce ta fi dacewa da mutum irina? Shin ta hannu tana da amfani, ko sabuwa ce dole? Kuma wajibi ne in yi horo na musamman, ganin cewa ba sabon shiga ba ne ni a nutso? Na gode.

Tsohon Malamin Nutso ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Haƙurin da ka yi da nutso na biyu shi ne daidai, domin yatsun da suka kasa danna maɓalli ba za su iya taimakon abokin nutsonka ba idan wani abu ya same shi.

Kafin mu zo kan irin rigar, ya kamata ka fahimci dalilin da ya sa milimita 7 ta ba ka kunya. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Niyofirin kuwa soso ne na roba mai cike da ƙananan kumfar iska, kuma waɗannan kumfa su ne suke tare maka sanyi. Duk mita 10 da ka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kan tudu, saboda haka a mita 18 da ka kai matsin ya kusa ninka na sama sau uku, kumfar sun matse, rigar ta sirance, kuma a daidai wurin da ruwan ya fi sanyi ne ta fi rauni. Game da tafkin da aka gaya maka, gaskiya suka faɗa, domin ruwa maras gishiri ya fi nauyi ne a wajen digiri 4, shi ya sa ƙasan tafki mai zurfi a ƙasashen sanyi yakan zauna kusa da wannan ma'auni ko da rani ne, kuma za ka ji sauyin a fuskarka farat ɗaya idan ka ratsa iyakar ruwan sama mai ɗumi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, busasshiyar riga ba ita ce take ɗumama mutum ba. Aikinta ta hana ruwa shiga, ta kuma riƙe iska a kewayen jiki. Kayan da ka sa a ƙarƙashinta su ne suke riƙe wannan iska a wuri ɗaya, su hana zafin jikinka gudu. Na sha ganin wanda ya zuba duk kuɗinsa a kan rigar waje mai suna, sannan ya shiga ruwa da singiletin auduga a ciki, ya fito yana karkarwa yana zargin rigar. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kuma a cikin rigar da iska ba ta fita gumi ba shi da wurin zuwa, sai ya huce a kan fata. A jikin fata ana son yadin roba mai janye gumi ko ulu mai laushi, a samansa kuma rigar ɗumi ta nutso, misali mai cikon Thinsulate, wanda yake ci gaba da riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe. Mai cikon giram 200 a kowace murabba'in mita takan ishi mutane da yawa a ruwan da ka ambata, mai 400 kuwa ta ruwan da ya fi haka sanyi ce, ko da yake jurewar sanyi ta bambanta tsakanin mutum da mutum.

Saboda wannan ne ni nake fifita ta yadi mai falle uku ga mutum irinka da zai riƙa shiga ruwa mai sanyi daban-daban. Falle biyu na waje da na ciki yadin nailan ne ko makamancinsa, na tsakiya kuma siririyar roba ce mai hana ruwa. Ita kanta ba ta da ɗumi ko kaɗan, kuma yadinta ba ya sirancewa da zurfi, saboda haka ɗuminta da nauyin darmar da kake buƙatar ɗaurawa don ka iya nutsewa suna bin kayan cikin da ka zaɓa ne. Ranar digiri 14 ka sa marasa kauri, ranar tafki ka ƙara. Tana bushewa da wuri, ba ta da nauyi a jakar tafiya, kuma idan ta huje facinta ba shi da wahala.

Aibinta shi ne ba ta miƙewa, don haka awo shi ne komai. Kada ka gwada ta a kan tufafin gida. Ka sa kayan ciki mafi kauri da kake tsammanin za ka yi amfani da su, ka rufe zif, sannan ka durƙusa, ka ɗaga gwiwa kamar mai hawa tsanin jirgi, ka miƙa hannu bayan wuyanka har ka taɓo wurin da bawul ɗin tukunya yake zama, ka kuma haɗa hannuwa biyu a gaba kamar mai rungumar wani abu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, rigar ta yi maka kaɗan. Idan kuma ƙafafun sun yi tsawo ko takalmin ya yi maka yawa, wannan ya fi haɗari, domin iska tana taruwa a nan, kuma takalmin iyo yana iya zamewa daga ƙafarka alhali kanka yana ƙasa. Da ka sayi mai suna wadda ba ta zauna maka ba, gara ka sayi maras suna wadda ta zauna, kuma idan jikinka bai dace da awon da aka saba ɗinkawa ba, kamfanoni da yawa suna ɗinka wa mutum daidai jikinsa.

Mai Nutson Tafki ta amsa:

Sannu ɗan'uwa. Na yarda da Malam a kan maganar kayan ciki da awo, amma ina da ɗan bambancin ra'ayi a kan yadi, kuma ina ganin ya dace ka ji ɓangare na biyu kafin ka yanke hukunci.

Ni matsattsiyar niyofirin nake sawa shekaru da dama. Ba irin mai kaurin milimita 7 ba, wadda take da matsalar da Malam ya bayyana, wato ta matse a ƙasa ta rage ɗumi, ta kuma buƙaci darma mai yawa a sama. Ina nufin wadda aka riga aka danne ta tun a masana'anta har ta koma milimita 2 zuwa 4, ta yadda zurfi ba ya sauya ta sosai. Tana miƙewa, tana bin jiki, ba ta barin aljihunan iska suna yawo daga kafaɗa zuwa ƙafa, kuma wannan ya sa wanda ya saba da jiƙaƙƙiyar riga yakan fi saurin sabawa da ita. Tana da nata ɗan ɗumi, don haka kayan ciki ba sai sun yi kauri sosai ba, sannan tana jure gogar duwatsu da ƙarafan tsofaffin jiragen da suka nutse. Gaskiya ne tana da nauyi, musamman idan ta jiƙe, kuma takan kwana ba ta bushe ba, saboda haka mai yawan tafiya a jirgin sama zai ji jiki da ita. Amma wanda yake nutso kusa da inda yake zaune, wannan ba abin damuwa ba ne a gare shi.

Inda nake so in ja hankalinka sosai shi ne robar wuya. Rigata ta farko tana da robar leteks, wadda ita ce ta fi yawa kuma tana tare ruwa da kyau, amma sabuwa tana zuwa da ƙunci, sai an yanka ta daidai wuyan mai ita, ana bin layukan da aka zana mata zobe bayan zobe da almakashi mai kaifi. Ni ban san haka ba, na ɗauka matsewar ce take hana ruwa, sai na bar ta yadda take. Tun ina bakin ruwa fuskata ta yi ja, kaina ya fara sarawa, jiri ya ɗebe ni, har sai da abokiyar nutsona ta sa yatsa ta janye robar daga wuyana. Daga baya aka bayyana mini cewa a gefen wuya akwai jijiyoyin da suke auna ƙarfin bugun jini, kuma idan aka danne su zuciya tana iya rage gudu har mutum ya suma. Da a cikin ruwa abin ya faru, da labarin ya bambanta. Robar wuya tana buƙatar ta kwanta a fata ne kawai ba tare da ta shaƙe ba. Kada kuma ka yi gaggawar yanka da yawa a lokaci ɗaya, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Wasu jikinsu ba ya karɓar leteks, yana sa musu ƙaiƙayi ko kumburi, kuma irin waɗannan sai su koma silikon ko niyofirin. Ni yanzu ta niyofirin nake amfani da ita a wuya, wadda ake naɗewa ciki, saboda ta fi ɗumi da daɗewa, ko da yake mai siririn wuya takan ɗan bar masa ɗigon ruwa idan ya juya kai da ƙarfi.

Kada ka manta da kai da hannuwa, tun da yatsu ne suka fara ba ka matsala. Busasshiyar riga ba ta rufe su. Hular niyofirin mai milimita 5 zuwa 7 wadda ta zauna daidai tana sauya nutso gaba ɗaya, kuma idan safar hannu ta niyofirin ba ta ishe ka ba, akwai busasshiyar safa da ake haɗawa da zobe a wuyan hannu.

Mai Gyaran Kayan Nutso ya amsa:

Barkanku da tattaunawa. Ni ta fuskar gyara zan yi magana, domin rigunan da suka lalace ne suke zuwa hannuna.

Zif shi ne abu mafi tsada a jikin rigar idan ya mutu, kuma shi ne abin farko da zan duba a riga ta hannu. Na ƙarfe ya daɗe ana amfani da shi, yana da ƙarfi, amma yana son a riƙa goga masa kaki a haƙoransa na waje, kuma ba ya son lanƙwasa. Idan aka ninke shi da ƙarfi a jaka, haƙori ɗaya ya karye, to sai an sauya shi duka. Na roba, irin su TIZIP da YKK Aquaseal, ya fi laushi da sauƙin ja, yana kuma da nasa man shafawa da ake sa masa a wurin da yake rufewa. Zif na baya, wanda ya ratsa kafaɗu, ba ya shan lanƙwasa sosai, kuma rigarsa takan fi araha, amma dole wani ya rufe maka ya buɗe maka, sannan dole ka tabbatar ya ja shi har ƙarshe. Na gaba, wanda ya gitta ƙirji, kai kanka za ka iya rufewa. Idan kullum da abokai kake fita, na baya ba zai dame ka ba.

Ta hannu tana da amfani ƙwarai idan ta zauna maka kuma ka san abin da za ka duba. Ka miƙa robar wuya da ta hannu a gaban haske, idan ka ga ƙananan tsage ko ka ji tana danƙo a yatsa, ta mutu, domin rana da man shafawa da tsufa suna cin leteks. Wannan ba dalilin fasa saye ba ne, sauya ta aiki ne na yau da kullum, sai dai a rage maka a ciniki. Ka juya rigar ka duba ɗinkin ciki, musamman a hammata da tsakanin ƙafafu, ko kaset ɗin da aka liƙa a kan ɗinkin ya fara ɗagowa. Daga nan ka toshe wuya da hannuwa da kwalba ko wani abu mai santsi, ka rufe zif da bawul ɗin fitar da iska, ka hura ta har ta kumbura, ka shafa ruwan sabulu ko'ina. Duk inda kumfa ta tashi, huji ne. Huji ɗaya ko biyu a jikin yadi ba komai ba ne, amma idan ɗinki ne yake zubar da iska a wurare da yawa, ka bar ta, domin irin wannan gyara ba ya ƙarewa.

Bawul biyu ne a jikinta, na shigar da iska a ƙirji, wanda tiyo yake haɗa shi da na'urar shaƙarka, da na fitarwa, wanda galibi yake saman hannun hagu kuma ana murɗa shi don a daidaita saurin fitar iska. Ka danna na ƙirji ka ga yana dawowa da kansa ba tare da maƙalewa ba. Ka kuma tabbatar na'urar shaƙarka tana da sauran mafita ta ƙaramin matsi da za a ɗaura wannan tiyo. Tun da ka ambaci tafki, ka duba ko an yi na'urar don ruwan sanyi, domin ƙa'idar Turai ta EN 250 tana ɗaukar ruwan da ya gaza digiri 10 a matsayin ruwan sanyi, kuma na'urar da ba a gwada ta a kan haka ba tana iya daskarewa ta riƙa zubar da iska ba tsayawa.

Idan ka zaɓi silikon, ka sani gam ba ya kama ta, sai da zoben da aka riga aka ɗaura a rigar. Amfanin haka shi ne idan ta yage a bakin ruwa, cikin 'yan mintuna za ka cire ka sa wata, muddin ka zo da ita a jaka.

Mai Koyon Nutso ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, labarin robar wuya ya tsaya mini a rai, domin ni ma da na ɗauka matsewa ce alamar kyau. Tun da zan riƙa zuwa teku da tafki, kuma ina tafiya da kayana lokaci-lokaci, hankalina ya fi karkata ga mai falle uku, amma zan nemi hayar kowacce in gwada kafin in saya. Malam, saura tambayata ta ƙarshe a kan horo. Wani ya ce mini in sa ta kawai in shiga, wai nutso biyu ya isa in gane kanta.

Tsohon Malamin Nutso ya sake amsawa:

Ƙanena, kada ka bi wannan shawara. Nutso 40 da ka yi sun koya maka sarrafa jakar iska ɗaya, wato falmaran. Yanzu za a ƙara maka ta biyu, wadda ta lulluɓe jikinka duka, kuma iskar cikinta tana tafiya duk inda ya fi tudu. Idan kana sauka ba ka ƙara mata iska ba, za ta matse ka har ta bar maka shaida a fata, ta kuma hana ka motsi. Idan kana tasowa ba ka fitar ba, iskar za ta faɗaɗa, kuma faɗaɗar ta fi tsanani a kusa da sama, domin daga mita 10 zuwa saman ruwa girmanta yana ninkawa biyu. Mafi muni shi ne ƙafafu su ɗaga sama da kai, iskar ta gudu can inda babu bawul, mutum ya fara tashi ƙafa a sama, yana ƙara sauri yayin da yake hawa. Tasowa da irin wannan sauri tana iya jawo kumfar naitirojin a jini ko ta yi wa huhu lahani.

Akwai hanyar fita daga wannan hali, wato mutum ya dunƙule jiki ya wuntsila har kafaɗarsa ta hagu ta dawo sama iska ta fita, amma wannan abu ne da ake maimaitawa a ruwa maras zurfi a gaban malami har jiki ya haddace shi. Haka ma cire tiyon ƙirji da safar hannu mai kauri idan maɓalli ya maƙale yana ta hura iska, da jan robar wuya ko ta hannu don a saki iska cikin gaggawa, ko da ruwa zai shiga. Ƙungiyoyin horo irin su PADI da SSI da BSAC duk suna koyar da wannan, kuma darasin ba shi da tsawo. A tsarin PADI ana yin gwaji a ruwan horo, sannan nutso biyu a buɗaɗɗen ruwa. Wurare da dama ba za su ba ka hayar rigar ba sai ka nuna shaida, kuma a Silfra, wani wurin nutso a ƙasar Aisilan, inda ruwan yake tsakanin digiri 2 zuwa 4, ana neman shaidar ƙwarewa da busasshiyar riga kafin a bar mutum ya yi nutso.

A wurin horon ne kuma za a daidaita maka darma, wadda za ta fi abin da ka saba ɗauka. Sababbi sukan ɗora fiye da kima don tsoron tashi, amma yawan darma yana tilasta maka zuba iska mai yawa a riga, kuma babbar kumfar iska ita ce take da wuyar sarrafawa. Ma'aunin shi ne ka iya tsayawa cak a mita 5 a ƙarshen nutso, matsin iskar tukunya ya rage saura kamar 50 a ma'aunin matsi na bar, falmaran babu iska, rigar kuma da iskar da ta isa ta hana matsi kawai. Ka tuna iskar da ke cikin tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa 200 a ma'aunin bar tana da nauyin kusan kilo 3, kuma yawancin wannan nauyi zai bar ka kafin ka fito. Duk ranar da ka sauya kayan ciki, sai ka sake wannan gwaji.

Malamai sun sha bamban a kan ko da riga za a daidaita shawagi a ƙasa, wato tsayawa a cikin ruwa ba sauka ba tashi, ko da falmaran. Ni ina koya wa ɗalibaina su sa wa rigar abin da zai cire matsi ya bar kayan ciki su kumbura su yi aikinsu, sauran kuma su bar wa falmaran, wanda ya fi saurin fitar da iska. Malaminka zai iya koya maka ɗaya hanyar, kuma ba laifi ba ne, ka bi tasa har ka ƙware. Bayan darasin, ka yi nutso goma na farko a wuri maras zurfi da ka sani, tare da wanda ya saba da irin rigar, ka bar tafkin sai hannunka ya riƙa kai wa bawul ba tare da ka yi tunani ba. Tun da ka ce za ka yi haya, ka nemi a yi maka darasin da irin rigar da kake son saye, ka kuma tafi da kayan cikinka na kanka domin ka ga yadda suke zama a cikinta.